An ce MS ce, ashe ciwon yana cikin laka: nazarin lamarin wata malama a Sakkwato

Na nemi izininta da na maigidanta kafin in rubuta wannan, kuma na sauya wasu bayanai don kada a gane ta, amma ciwon da yadda ya bi da ita na bar shi yadda yake. Malamar makaranta ce a nan cikin garin Sakkwato, shekararta 28, haihuwarta uku, ba hawan jini ba suga, jininta AA. An kawo ta emajensi cikin watan Afrilu, tsakiyar zafin nan namu, mutum biyu na riƙe da ita saboda ƙafafu sun ƙi ɗaukarta, mara ta kumbura tam don tun daren jiya fitsari bai fita ba. Ƙanenta na rungume da babban ambulan na hoton MRI na ƙwaƙwalwa da aka yi mata watannin baya, kuma kafin ma nas ta gama sa mata robar fitsari ya riga ya faɗa mana sunan ciwon, wai MS ce, wato multiple sclerosis, ciwon da ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, haka takarda ta ce.

Da na karanta takardar, abin da ke ciki shi ne an ga wasu ƙananan tabo a farin sashen ƙwaƙwalwa, ana zargin ciwon da ke cinye rigar jijiya, sai MS da alamar tambaya a gabanta, sai layin ƙarshe da ke cewa a haɗa wannan da halin da mara lafiya ke ciki. Wannan layin na ƙarshe shi ne ba wanda ya bi ta kansa. Yaron ya ɗauki haruffa biyu ya zuba a waya, ya kwana yana karanta labarin Turawa masu keken guragu, har magana ta kai ga wani ɗan'uwansu da ke ƙasar waje an fara shirin ya sayo mata allurar intaferon, wadda ake ba masu MS. Allah ya taimaka kuɗin bai gama haɗuwa ba, za ku ga dalili a gaba.

Bari in ɗan yi bayanin farin sashen nan tukuna. Ƙwaƙwalwa tana da ɓawo mai ruwan toka a waje inda ƙwayoyin jijiya suke zaune, can ciki kuma farin sashe ne wanda duk zaren jijiyoyi ne masu kai saƙo daga wannan wuri zuwa wancan, kuma farinsa ya samo asali daga wata rigar kitse da ta naɗe kowane zare, ana ce mata mayalin. Kamar robar da ke jikin wayar lantarki take, in ta sale wuta na iya wucewa amma da ƙyar, wani lokaci ta yanke. To shi injin MRI ba ya ganin sunan ciwo, ruwa yake gani. A salon hoton da ake kira T2 da FLAIR, duk inda ruwa ya fi yadda ya kamata sai ya fito fari tas, ko kumburi ne, ko tsohon tabo ne, ko wurin da jini ya gaza isa. Shi ya sa dattijo mai hawan jini za ka ga ƙwaƙwalwarsa cike da irin wannan farin, har akwai ma'aunin Fazekas na 1987 da ke auna yawansa daga 0 zuwa 3. Mai ciwon kai na ɓari ɗaya yana iya samun ɗigo-ɗigo. Mai sikila, wanda mu a Najeriya mun fi kowace ƙasa yawansu, jini kan toshe masa a ƙananan jijiyoyi ba tare da ya ji komai ba ya bar tabo. Ƙanjamau ma yana yi. Ko a Amurka inda injin yake ko'ina, wani bincike da aka buga a 2019 kan cibiyoyin MS biyu a Los Anjalis ya gano kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka turo da sunan suna da MS ba ita ce ke damunsu ba, kuma ciwon kai na ɓari ɗaya ne kan gaba cikin abin da aka rikita da ita.

Saboda haka muka ajiye hoton gefe muka koma kan labari, kuma nan ne lamarin ya buɗe. Ita malamar ƙafa kawai take magana a kai, kwana huɗu da suka wuce ta fara jin tafin ƙafa ya yi nauyi yana tsikari, washegari abin ya hau gwiwa, ya hau cinya, sai ta ji kamar an ɗaure mata ƙirji da ɗamara, sai tsayuwa ta gagara. Na tambaye ta me ya sa aka yi hoton ƙwaƙwalwar tun farko, ta ce ido ne. Watannin baya idon hagu ya fara mata ciwo in ta juya shi, cikin ƴan kwanaki gani ya dushe har sai dai ta ga giftawar hannu, jan abu ya koma mata fari-fari, aka ba ta maganin ɗigawa aka gwada gilashi, daga baya aka ce a yi hoto, ganin ya ɗan dawo da kansa amma bai koma yadda yake ba. Sai na juya wajen mahaifiyarta na ce Inna, kafin idon fa, ba ta taɓa wani ciwo ba, ko amai ko shaƙuwa da ta ƙi tsayawa? Ta dube ni ta ce, "Likita, ai wagga ta daɗe da wucewa, tana cikin jego ta yi ta, munka kai ta kemis anka ce olsa ta. Mi yah haɗa shaƙuwa da ƙahwa?"

Ashe kamar wata biyu bayan haihuwarta ta ƙarshe ta yi sama da sati biyu tana shaƙuwa dare da rana, ga amai ko ruwa ta sha sai ya dawo, an yi maganin olsa an yi na taifod an yi ƙarin ruwa, wasu sun ce kunun kanwa ne ya yi mata yawa, an yi rubutu an yi tofi, abin ya lafa kowa ya manta. Wallahi wannan shaƙuwar ta fi duk tabon da ke cikin ambulan ɗin nan muhimmanci a wurina. A bayan tushen ƙwaƙwalwa, daidai inda take haɗuwa da laka, akwai wani ɗan wuri da ake kira eriya fostirema, shi ke kula da tashin zuciya da amai, in ya kumbura mutum sai ya yi ta shaƙuwa da amai ba tare da cikinsa na da wata matsala ba. Shaƙuwa, sannan ido, sannan laka, a jikin mace matashiya baƙar fata bayan haihuwa, wannan jerin yana nuna wani ciwo daban da ake kira NMO, wato kumburin jijiyar gani da laka, ko ciwon Devic.

Da muka duba ta, ƙafafu biyu ba ta iya ɗaga su daga kan gado sai ɗan motsin yatsu, hannaye lafiya lau. Na bi jikinta da tsinke daga ƙafa zuwa sama ba ta ji ba sai da na kai daidai kan nono, wato matsalar tana laka wajen gaɓa ta huɗu ta ƙashin ƙirji ko sama da nan. In an karci tafin ƙafa babban yatsa sama yake yi. Da na haska tocila a idon dama ƙwayar ido ta tsuke, na mayar hagu sai ta buɗe maimakon ta tsuke, alamar jijiyar ganin hagu ta ji rauni, kuma da aka leƙa cikin idon kan jijiyar ya yi fari.

Sai muka ɗauki hoton muka je wajen likitan hoto muka zauna tare, wannan karon da labarin a hannu. Tabon MS yana da wuraren zamansa da siffarsa. Yakan manne da ramukan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa, mai siffar ƙwai, ya miƙe tsaye daga jikin ramin, abin da ake kira yatsun Dawson, sunan likitan Sikotilan da ya bayyana su a 1916. Yakan taɓa ɓawon ƙwaƙwalwa, ya zauna a ƙasan gadar da ta haɗa ɓarin dama da hagu, ko a ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, ko a laka amma gajere. Ƙa'idojin McDonald na tabbatar da MS, da aka fara fitarwa a 2001, aka yi ta gyara su a 2005 da 2010 da 2017 da 2024, a kan wuraren nan aka gina su, kuma sharaɗinsu tun farko shi ne sai in babu wani ciwon da ya fi dacewa da bayanin. Nata tabon ƙanana ne, ɗigo-ɗigo, zagayayyu, a warwatse can cikin farin sashe, ba wanda ya manne da ramin ruwa, gadar tsakiya fes. Irin waɗannan kam ba su isa su sa wa mutum suna ba. Amma da muka sauka ƙasa a hoton gefe sai ga ɗan siririn haske a bayan tushen ƙwaƙwalwa, daidai wurin shaƙuwar nan. Ban ga laifin wanda ya fara karanta hoton ba, takardar neman hoto da aka aika masa ba abin da aka rubuta sai matsalar gani, ba maganar jego ba shaƙuwa, kuma mutum abin da aka ce ya nema shi yake nema.

Hoton da take bukata na laka ne, daga wuya zuwa ƙirji, da allurar gadoliniyam, wadda ke sa wurin da ke kumbure ya fito fili a hoto. Nan ma sai da aka sha lallashi don kuɗi ne mai yawa kuma sun riga sun biya na farko, ga ta tana tsoron shiga ramin injin da ƙararsa. Aka cire ɗan kunne da fil ɗin hijabi da duk abin da ke da ƙarfe, aka goge tozali don yana iya ɓata hoton wajen ido, aka duba ƙoda kafin allurar, aka tabbatar mata injin maganaɗisu ne babu irin hasken da ke cikin eksire, kuma za ta ci gaba da ba yaronta nono bayan allurar. Hoton ya fito ba ya bukatar gardama: farin tabo ɗaya dogo a tsakiyar laka tun daga gaɓar ƙarshe ta wuya har gaɓa ta shida ta ƙirji, laka ta kumbura, wasu wurare sun sha allurar alamar wutar na ci yanzu. A MS tabon laka da wuya ya kai tsawon gaɓa biyu kuma gefe yake kamawa. Wanda ya kai gaɓa uku ko fiye NMO ake fara tunani.

Duk da haka a Sakkwato muke, akwai abubuwan da dole a kore kafin a ɗura wa mutum sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kashe kumburi. Na farko tibi, wanda ke cin ƙashin baya ya danne laka, ƙasusuwanta lafiya suke, hoton ƙirji fes. Na biyu tsargiya, mutane sun san ta da fitsarin jini amma ƙwanta na iya zama a laka ya kwantar da mutum, kuma duk wanda ya tashi yana wanka a gulbin Rima ko yana aiki a fadama sai an yi masa wannan tambayar, sai dai ita ƙasan laka ta fi kamawa wajen ƙugu, kuma ba a ga ƙwai a fitsari ko bayan gidanta ba. Ƙanjamau babu, tunjere babu, bitamin B12 daidai. Saura ruwan baya, wanda shi ne aka fi jan daga a kansa saboda mutanenmu sun san allurar daga lokutan sanƙarau kuma da yawa sun yarda ita ke gurgunta mutum. Na zana wa maigidan a takarda inda laka take ƙarewa, wajen gaɓa ta ɗaya zuwa ta biyu ta ƙugu, da inda allurar ke shiga can ƙasa da nan, sannan ya sa hannu. Ruwan ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun ƙaru, furotin ya hau, gwajin tibi bai nuna komai ba, kuma zanen furotin na musamman da ake samu a kusan tara cikin goma na masu MS a Turai ita babu shi.

Shi wannan ciwo na NMO Eugène Devic ne ya bayyana shi a birnin Liyon na Faransa a 1894, shekaru bayan Charcot ya fayyace MS a Faris a 1868, kuma sama da shekara ɗari ana ɗaukarsa wani reshe ne na MS. Sai a 2004 Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo na Amurka suka gano wani antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki, a jinin masu shi, a 2005 suka nuna abin da yake hari, wata ƙofar ruwa mai suna akwaforin-4 da ke jikin ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyoyi. Wato garkuwar jiki ce ke kai wa waɗannan ƙwayoyin farmaki, rigar jijiya daga baya take lalacewa, kuma ƙofofin nan sun fi yawa a jijiyar gani da laka da wurin aman nan, ka ga dalilin jerin da ta bi. Mata ya fi kamawa, kusan tara cikin goma na masu antibodin, kuma ya fi yawa a baƙar fata da mutanen gabashin Asiya fiye da Turawa. Ba sabon labari ba ne a ƙasar nan, tun 1971 Farfesa Benjamin Osuntokun ya ruwaito daga Ibadan cewa masu NMO da suka gani sun fi masu MS yawa nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne littattafan da muke karantawa daga ƙasashen da MS ta fi yawa aka rubuto su, ita ce a babi na gaba, shi kuma ɗan sakin layi a ƙarshe, sai mu ma tunaninmu ya jeru haka alhali majinyatanmu ba haka suke ba. Ba wai babu MS a nan ba, akwai, amma bai kamata ta zama sunan farko da ke faɗowa daga baki duk lokacin da aka ga fari a hoto ba.

Bambancin kuwa ba na suna ba ne kawai. Wasu magungunan MS, irin su intaferon da natalizumab da fingolimod, suna iya tsananta NMO, to ka tuna allurar da ake shirin sayo mata. Sannan MS takan tashi ta lafa mutum ya warware sosai a farko, shi kuwa NMO kowane tashi sai ya tafi da wani abu, ido ko ƙafa ko riƙon fitsari, kuma tsofaffin bayanai na asibitin Mayo sun nuna cikin shekara 5 kusan rabin masu irin wanda ke dawowa sun rasa ganin ido aƙalla ɗaya ko ba sa iya tafiya sai da taimako.

Mun ɗebi jinin gwajin akwaforin-4 kafin a fara magani, aka aika shi waje saboda ba gwajin da ake yi a kowane lab ba ne, amma ba mu zauna jiran rizal ba don laka ba ta jira. Aka fara sitiroyid ɗin, metilfirednisolon, giram 1 ta jijiya kullum na kwana 5, da maganin kare ciki, ana auna suga da hawan jini. Abin da ake so in wannan bai yi aiki sosai ba shi ne tace jini a cire ruwan da antibodin ke ciki, zama biyar zuwa bakwai, mun yi musu bayani amma kuɗin da tafiyar sun fi ƙarfinsu a lokacin, kuma wannan ya tsaya min a rai don da wuri ake cin amfaninsa. Maigidan ya tare ni a baranda ya ce, "Likita, don Allah hwaɗa mani gaskiya, za ta tashi?" Na ce Malam, ina sa ran za ta samu sauƙi amma ba zan yi maka alkawarin komawa yadda take ba, abin da ke hannunmu shi ne mu hana na gaba zuwa.

Sauran aikin na nas-nas ne da Inna da masu gashin ƙashi, kuma a gaskiya su suka ɗauki nauyin. Juya ta duk bayan awa biyu don kada baya ya yi gyambo, wanda a zafin Afrilu da gumi cikin ƴan kwanaki yake faruwa, motsa gaɓoɓi safe da yamma, tsaftar robar fitsari. Cikin sati na biyu ta fara jan ƙafar dama, sai kuma wani sabon abu ya zo, ƙafar ta riƙa ƙandarewa da zafi na daƙiƙoƙi sau da yawa a rana har dangi suka fara cewa iska ce, alhali sanannen abu ne lokacin da laka ke farfaɗowa, ɗan karbamazafin kaɗan ya kwantar da shi. Rizal ya dawo bayan makonni, antibodin yana nan. A ƙa'idar tabbatar da NMO ta 2015, antibodi da alama ɗaya cikin manyan alamomi shida sun isa a tabbatar da ciwon, ita tana da uku.

Yanzu tana tafiya da sanda a cikin gida, an cire robar fitsari duk da yana matsa mata da gaggawa, idon hagu yana ganin manyan haruffa kawai. Tana kan firednisolon da ake ragewa a hankali tare da azatayofirin, maganin rage ƙarfin garkuwar jiki, wanda yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya kama aiki, shi ya sa ba a yanke na farkon da wuri, kuma ana duba jininta da hanta a kai a kai. Akwai sabbin magunguna da aka amince da su a Amurka a 2019 da 2020 musamman don wannan ciwo, amma tsadarsu ta sa maganar da muke yi da su ita ce rituksimab, wani maganin rage ƙarfin garkuwar jiki da ake ɗurawa ta jijiya, in hali ya samu, an ma riga an yi gwajin ciwon hanta na B saboda shi. Sau ɗaya ta dawo a firgice wai ido ya sake dushewa ƙafa ta yi nauyi, da aka bincika da azahar ne bayan ta yi girki a rana, tana shiga inuwa ta watsa ruwa abin ya sake ta. Wilhelm Uhthoff ya bayyana wannan tun 1890, jijiyar da ta rasa rigarta ba ta jure ɗumin jiki, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 dole mara lafiya ta san bambancin. In ya wuce da sanyaya jiki ba sabon tashi ba ne. In ya wuce awa 24, ko shaƙuwa da amai suka kwana biyu, ko ɗayan idon ya fara ciwo, asibiti kai tsaye ba kemis ba.

Maganar da ta rage tsakaninmu ita ce haihuwa, kuma ita ta fara tayar da ita ba mijin ba. Ciwon yakan tashi a watannin farko bayan haihuwa kamar yadda ya yi mata, don haka mun shawarce su da tazara har sai ya kwanta na tsawon lokaci, kuma mun guji maikofenolet, wani maganin rage ƙarfin garkuwa, da gangan saboda yana nakasa jariri a ciki, azatayofirin ya fi dacewa da macen da ke son ƙara haihuwa. Sun amince, ta je sashen tazarar haihuwa, kuma makarantar da take koyarwa ta mayar da ita ajin ƙasa da darasin safe don ta fara komawa aiki zango mai zuwa.